Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Malamanmu da Masu Sharhi Kan Kabarin Albert Agarunov da Yaƙin Karabakh

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Allah gafarta malamai, da ku yayyena da ƙannena 'yan jarida da masu sharhi kan al'amuran duniya a gidajen rediyo da Facebook da zaurukan WhatsApp, ina gaishe ku gaisuwar girma. Da yawanku a bakinku muka fara jin sunayen ƙasashen da ba mu taɓa takawa ba. Abin da kuka ce game da Bosniya ko Checheniya ko Kashmir, shi mai shayi yake maimaitawa, shi ɗan acaɓa yake kai wa gida. Wannan amana ce babba, kuma saboda girmanta na ɗauki alƙalami.

Maganata a kan yaƙin Azabaijan da Armeniya ce, da yadda muka ba da labarinsa da Hausa.

Ranar 27 ga Satumba 2020 wuta ta sake tashi a Karabakh, yankin da ƙasashen biyu suke jayayya a kansa, aka yi kwana 44 ana gwabzawa. A waɗannan kwanaki babu irin saƙon da bai shigo wayata ba. Bidiyon jirage marasa matuƙa suna tarwatsa tankoki, an ɗora masa kabbara. Saƙon murya na minti bakwai, wani yana rantsuwa cewa Musulmi sun fatattaki Kiristoci, kuma wannan somin-taɓi ne. Na saurara, na ji daɗi a raina, na tura wa wasu. Ban tsaya na tambayi kowa komai ba. A can gefe kuma, maƙwabtanmu Kiristoci suna ta yaɗa nasu, cewa ga wata tsohuwar ƙasar Kirista Musulmi sun taru za su cinye. Mu da su duk labari ɗaya muke bayarwa, kowa ya riƙe gefen da ya yi masa.

Shekara huɗu bayan nan, a Nuwamban 2024, aiki ya kai ni Baku, babban birnin Azabaijan, lokacin taron sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya. Gani ya kori ji. Wata rana da yamma wani ɗalibi cikin matasan da aka sa su yi wa baƙi jagora ya ce sai ya kai mu inda kowane baƙo yake fara zuwa. Muka hau wani tudu da ke kallon Tekun Kasfiya, iska tana kaɗawa da sanyin da ya ninka na hunturunmu. Wurin suna kiransa Titin Shahidai. Kaburbura ne a jere, kowanne da baƙin dutse mai sheƙi, an zana fuskar mamacin a jiki, ga ranar haihuwa ga ranar rasuwa. Na riƙa lissafi a zuci ina tafiya: wannan shekara 19, wancan 21, na gaba 24. Jajayen furanni a kwance a kan duwatsun, wasu sababbi, wasu sun yi yaushi. A ƙarshen titin akwai wutar da ba a kashewa, mutane suna miƙa hannu suna jin ɗuminta.

Jagoran namu ya tsaya a gaban wani kabari ya ce mu karanta sunan. Albert Agarunov. Ya ce wannan Bayahude ne, kuma babu yaron makaranta a ƙasarsu da bai san shi ba. Na ɗauka kunnena ne bai ji daidai ba, na sa ya maimaita.

Ga abin da na tattara game da shi tun daga ranar, domin na dawo gida da nauyinsa a ƙirji.

An haife shi ranar 25 ga Afrilu 1969 a Amirjan, wata unguwa a gefen Baku. Mahaifinsa Agarun ma'aikacin rijiyoyin mai ne, mahaifiyarsa Leah, su goma ne 'ya'yan gidan. Danginsu daga cikin waɗanda ake kira Yahudawan Duwatsu suke, mutanen da suka shafe ɗaruruwan shekaru a yankin Kokesas, suna da yarensu Juhuri mai kusanci da Farisanci. Har yau akwai garinsu a arewacin ƙasar, Kirmizi Kasaba, kogi ne kawai ya raba shi da garin Kuba na Musulmi. Albert yana yaro ya koyi busa ƙaho, irin wanda 'yan badujala suke busawa. Da ya tasa ya shiga masana'antar ƙere-ƙere yana aiki da injin sassaƙa ƙarfe. Daga 1987 zuwa 1989 ya yi aikin soja na dole a rundunar Tarayyar Sobiyet a Jojiya, a can ya zama kwamandan tankar yaƙi. Ya gama ya dawo gida. A 1991, ƙasa tana wargajewa, sabuwar Azabaijan ba ta da wata runduna ta a zo a gani, ya kai kansa ya ce a rubuta sunansa. Ba wanda ya kira shi. Yahudawan Sobiyet a shekarun nan dubbai suke kwashe kayansu suna tafiya Isra'ila da Amurka, ƙofa a buɗe take, shi kuwa ya nufi Karabakh.

Akwai wani ɗan guntun bidiyo da aka ɗauke shi a fagen daga, siririn saurayi, ana tambayarsa me ya sa Bayahude yake yi wa Azabaijan yaƙi. Amsarsa ba ta da tsawo. Ya nuna cewa a ƙasar aka haife shi, a cikinta yake zaune, babu wani dalili bayan wannan.

Sai na ɗan koma baya, don wanda bai san tushen rigimar ba ya gane inda saurayin nan ya faɗa. A 1923 hukumomin Sobiyet suka yanka yankin Nagorno-Karabakh suka ba shi ɗan ƙwarya-ƙwaryan 'yanci a cikin Azabaijan, alhali mafi yawan mazaunansa Armeniyawa ne. Muddin Mosko tana da ƙarfi, maganar tana danne. A Fabrairun 1988 majalisar yankin ta nemi a mayar da su ƙarƙashin Armeniya. Kafin watan ya ƙare aka far wa Armeniyawa a garin Sumgait na Azabaijan, aka kashe, aka ƙona. Azabaijanawan da ke zaune a Armeniya aka kore su kaf daga ƙauyukansu. A Janairun 1990 aka sake far wa Armeniyawan Baku, sannan daren 20 ga watan tankokin Sobiyet suka shiga birnin suka kashe fararen hula sama da 130, waɗanda su ne aka fara binnewa a jeren farko na Titin Shahidai. Ranar 26 ga Fabrairu 1992 mayaƙan Armeniya suka buɗe wuta kan mutanen Khojali da ke gudun tsira cikin ƙanƙara, hukumomin Azabaijan suka ƙirga gawa 613, da mata da yara a ciki. A Afrilun shekarar sojojin Azabaijan suka karkashe fararen hula Armeniyawa a ƙauyen Maraga. Duk wanda ya ba ku rabin wannan jeri ya ɓoye rabi, ya ha'ince ku.

Shusha gari ne a kan tsauni, yana leƙen Stepanakert, babban birnin yankin a wancan lokaci, wanda Azabaijanawa suke kira Khankendi. A wurin Azabaijanawa Shusha mahaifar mawaƙansu da makaɗansu ce. Armeniyawa kuma suna da babbar majami'arsu a can, suna kiran garin Shushi. A lokacin sanyin 1991 zuwa 1992 daga Shusha ake yi wa Stepanakert ruwan rokoki, mutane suna kwana a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa. A ɓangaren masu tsaron Shusha Albert yake. Ban ɓoye wannan ba, domin ban zo in wanke kowa ba.

Da asubahin 8 ga Mayu 1992 Armeniyawa suka hau tsaunin. A kan hanyar shiga gari tankar Albert ta yi gaba da gaba da wata tankar Armeniya mai lamba 442, wadda Gagik Avsharyan yake jagoranta. Harbin Albert ya same ta. Avsharyan ya tsira, abokan aikinsa biyu suka mutu a ciki. Daga baya Armeniyawa suka gyara tankar suka ɗora ta a kan dakali a bakin hanya, ta yi shekara da shekaru a wurin a matsayin abin tunawa da nasu mazajen. Ku duba wannan da kyau: harbi ɗaya, ɓangare biyu, kowa da gwarzonsa da makokinsa.

A wannan ranar aka kashe Albert. Abokan yaƙinsa sun ba da labarin cewa gawarwaki ne suka tare hanya, ya ƙi yarda ƙafar tanka ta bi ta kansu, ya buɗe murfi ya sauko don ya janye su gefe. Wani maharbi da ya laɓe daga nesa ya same shi. Kwana 13 ke nan da cikarsa shekara 23. Washegari Shusha ta faɗi.

Wannan saukowar ita ta fi tsaya mini a rai. Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da tankar yaƙi ya san ƙarfe ne mai nauyin tan arba'in da wani abu, wanda yake ciki a ɓoye yake, wanda ya leƙo kuwa ya ba da kansa. Shi ya san haka fiye da kowa, tun yana ɗan shekara 18 yake cikinta. Gawarwakin nan ba su da abin da za su saka masa da shi. Mu da aka koya mana tun muna makarantar allo cewa gawa tana da alfarma, ba a taka ta, ba a wulaƙanta ta, ya kamata mu fi kowa gane abin da ya fito da shi.

Aka kawo shi Baku aka binne a Titin Shahidai, limamin Musulmi da malamin Yahudawa duk suna wurin, kowa ya yi addu'a irin tasa. A Yunin 1992 aka ba shi lambar Gwarzon Ƙasa, wadda a lokacin babu sama da ita a ƙasar. An sa wa makaranta sunansa, a Nuwamban 2019 kuma aka kafa masa mutum-mutumi a Baku. Sunan wurin da aka binne shi nasu ne, haka suke kiransa. Hukuncin lahira kuwa na Allah ne, ban shiga nan ba.

Na san abin da wasunku za su ce, Allah gafarta malam: mutum ɗaya ba ya sauya hukuncin yaƙi. Gaskiya ne. To mu ajiye Albert gefe mu duba sauran. Mafi yawan Musulmin Azabaijan 'yan Shi'a ne, amma gwamnatinsu ba ta addini ba ce, tsarin mulkinta ma ya faɗi haka. Iran, maƙwabciyarta kuma babbar ƙasar Shi'a, ba ta taɓa rufe iyakarta da Armeniya ba. A shekarun da Turkiyya da Azabaijan suka toshe nasu iyakokin, ta Iran da Jojiya Armeniya take samun numfashi. Kwana ɗaya kacal kafin a kashe Albert, a Tehran shugabannin ƙasashen biyu suke, shugaba Rafsanjani na Iran yana shiga tsakani. Jiragen da muka yi ta yi wa kabbara a 2020, wasu Bayraktar ne na Turkiyya, wasu kuwa ƙirar Isra'ila ne, saye aka yi da kuɗin mai. Man Azabaijan yana bi ta bututun da ya tashi daga Baku ya ratsa Tbilisi ta Jojiya ya faɗa tashar Ceyhan ta Turkiyya, daga can wani kaso mai yawa yake wucewa Isra'ila. A jerin masu lambar Gwarzon Ƙasa na Azabaijan akwai Rashawa. A rundunar Armeniya akwai Yazidawa da suka mutu. Da wane ma'auni za a raba wannan gida biyu, a ce ga Musulunci ga Kiristanci?

Shugabannin addinin su kansu sun sha faɗa. Tun 1993 Shaihul Islam Allahshukur Pashazade, jagoran Musulmin Azabaijan, yake zama da shugabannin cocin Armeniya, suna fitowa suna cewa rigimar ba ta addini ba ce. A 2010 shugaban cocin, Karekin na Biyu, ya je Baku. A 2011 Shaihin ya je Yerevan, babban birnin Armeniya. Masu abu sun ce ba haka ba ne, mu da muke nisan dubban kilomita muka ce mun fi su sani.

Ban ce addini bai ji ciwo a yaƙin ba. Ya ji. Masallacin Agdam an mayar da shi turken dabbobi a shekarun da garin yake hannun Armeniyawa, kuma duk Musulmin da ya ga hotunan sai zuciyarsa ta yi ƙuna. Tsohuwar maƙabartar Armeniyawa ta Julfa, mai dubban duwatsu masu zanen gicciye, an share ta daga doron ƙasa a ƙarƙashin ikon Azabaijan. Babbar majami'ar Shusha an harbe ta ranar 8 ga Oktoba 2020. Amma abin da ake yi wa faɗan ƙasa ce da iyaka da wanda zai zauna a ina. Masallaci da coci sun sha duka ne saboda kowanne shaida ne cewa wancan ɓangaren ya taɓa zama a wurin.

Kuma ku dubi abin da aka biya. Yaƙin farko ya ci rai wajen 30,000 kafin a tsagaita wuta a Mayun 1994. Armeniyawa suka riƙe gundumomi bakwai da ke kewaye da Karabakh, Azabaijanawa sama da rabin miliyan suka bar gidajensu, wasu suka yi shekaru a cikin taragon jirgin ƙasa da tantuna. Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya fitar da ƙuduri huɗu a 1993 yana neman a janye, ba a janye ba. A 2020 Azabaijan ta rasa sojoji kusan 2,900, Armeniya sama da 3,800, akasarinsu yara ne sa'o'in ƙannenmu. Ranar 8 ga Nuwamba 2020 Azabaijan ta karɓe Shusha. A Satumban 2023, bayan watanni tara hanya tana toshe da kuma farmakin kwana ɗaya, Armeniyawa sama da 100,000 suka fice daga Karabakh cikin 'yan kwanaki, tsofaffi a bayan motocin ɗaukar kaya, sun bar kaburburan iyayensu. Wanda ya yi kukan Khojali kuma ya yi dariyar wannan ayari, to ba zalunci yake ƙi ba.

Me ya dame ni da yadda aka ba da labarin wata ƙasa mai nisa? Abin da ya dame ni shi ne mun sha ganin inda irin wannan magana take sauka. A Oktoban 2001 Amurka ta fara jefa bama-bamai a Afganistan, aka yi zanga-zanga a Kano, kafin a ankara ta juye, aka kashe mutanen da ba su san hanyar Kabul ba. A Fabrairun 2006 zanen ɓatanci da aka yi a Denmak ya jawo aka zubar da jini a Maiduguri, aka yi ramuwa a Anacha kan 'yan'uwanmu 'yan kasuwa da ba su ji ba ba su gani ba. Duk lokacin da muka ɗauko yaƙin wasu muka sa masa rigar Musulmi da Kirista, yaron da ke saurare ba Baku yake hangowa ba, shagon maƙwabcinsa yake hangowa. Magana zarar bunu ce. Saƙon da na tura a 2020 ban san hannu nawa ya shiga ba, kuma ba ni da hanyar dawo da shi.

Akwai kuma maganar Falasɗinu, wadda na san tana ran kowa da ya ga kalmar Bayahude a wasiƙar nan. Tana raina ni ma. Abin da gwamnatin Isra'ila take yi wa mutanen Gaza zalunci ne, kuma ba zan sassauta harshe a kansa ba. Amma ɗan ma'aikacin rijiyar mai da aka haifa a Amirjan, wanda ya mutu a kan hanyar Shusha a 1992 yana janye gawarwakin abokansa, ba shi da hannu a ciki. Idan harshenmu ya kasa rarrabe shi da masu jefa bam a Gaza, to mu ma kada mu yi mamaki idan wasu suka kasa rarrabe mu da masu tayar da bam a kasuwa. Mun san zafin wannan kuɗin goro, mun sha shi a filayen jiragen sama.

Don haka ga roƙona, kuma ina yin sa cikin ladabi. Malamai, kun fi ni sanin ayar Hujurati da ta ce a yi bincike idan labari ya zo, kada a cuci wasu cikin jahilci a wayi gari ana nadama. Ina roƙon a riƙa aiki da ita a kan labarin waje kamar yadda ake aiki da ita a kan labarin gida. Kafin a hau mumbari da labarin wani yaƙi, a tambaya su wane ne suke faɗan, a kan me, tun yaushe, wa yake sayar wa wa makami. 'Yan jarida, idan za ku fassara rahoto, ku bar mutane da sunayen da suke kiran kansu, Azabaijanawa da Armeniyawa, kada a mayar da su Musulmi da Kirista don kanun labari ya yi armashi. Idan kun ambaci Khojali ku ambaci Sumgait, idan kun ambaci ayarin 2023 ku ambaci na 1993. Masu zaurukan WhatsApp, bidiyon da ake ganin bam yana sauka kan samari a cikin rami, ku daina ɗora masa kabbara. Kowanne a cikinsu akwai uwar da take jiran ya kira.

Ranar 8 ga Agusta 2025 shugaba Ilham Aliyev na Azabaijan da firaminista Nikol Pashinyan na Armeniya sun haɗu a Washington, ministocinsu suka sa hannun farko a kan daftarin yarjejeniyar zaman lafiya. Ban ga wanda ya turo mini wannan labari ba cikin duk waɗanda suka cika mini waya a 2020. Ina so in ji shi a shirye-shiryenku, da bayani, da tarihi, da irin ƙwazon da aka ba labarin yaƙin.

Kafin mu sauko daga tudun nan, jagoranmu ya ciro fure ɗaya daga cikin waɗanda ya saya a ƙofa ya ajiye a kan dutsen Albert, ya shafa gefen dutsen da tafin hannu kamar mai share ƙura. Na tambaye shi ko danginsa ne. Ya ce a'a, shi Musulmi ne, iyayensa 'yan gudun hijirar Fuzuli ne, ɗaya daga cikin gundumomin nan bakwai, kuma duk lokacin da ya kawo baƙi sai ya tsaya a nan. Daga nan ya kai mu shan shayi a wasu ƙananan kofunan gilashi masu siririn ƙugu, hannuwanmu duk sun ƙage saboda sanyi.

Idan akwai inda na yi kuskure a abin da na kawo, ina jiran gyaranku, zan karɓa da hannu biyu. Allah Ya ƙara wa malamai lafiya, Ya sa mu gama lafiya.

Wassalam.

Naku,
ɗalibinku kuma mai sauraronku, daga Kano.